Sunan Korau Ba Ya Buƙatar Kaka a Bagadaza

Akwai wata cuta da ta daɗe tana cin tarihinmu: da an ambaci sunan tsohon sarki, sai a shiga nemo masa asali a Gabas. Bayajidda ya zama Abu Yazid, kowace zuri'ar sarauta kuma sai an jingina ta da Bagadaza ko Yaman kafin a yarda tana da daraja. Wannan ra'ayi ya sami gindin zama har a makarantu, kuma H. R. Palmer, jami'in Turawan da ya tsaya aka naɗa Sarkin Katsina Dikko a 1906, ya ƙara masa ƙarfi da rubuce-rubucensa masu danganta kowace sarauta da baƙin haure daga arewa. Ni kuwa ina ganin raina kai ne kawai aka yi wa ado da sunan bincike.

A saurari sunayen wasu daga cikin sarakunan Katsina na farko da kunnen Bahaushe: Kumayau, Sanau, Korau. Wannan ƙarshen suna na "au" har gobe yana nan a gidajenmu. Wanda aka haifa lokacin noma Nomau ne, wanda ya daɗe a ciki Shekarau ne, ga kuma Tunau da Barau. Tsari ɗaya ne, daga aiki a ƙera suna. Korau, ɗan kokawar nan da ya kayar da Sanau ya karɓe sarauta, kowa ya ji sunansa ya ji "kora" a ciki. Fadar Katsina har yau Gidan Korau ce, takobinsa Gajere yana cikin kayan sarauta. Turawa ma haka suka yi da nasu. Theodoric, sarkin Gotawa da ya mallaki Italiya a 493, da harshen mutanensa aka warware sunansa, aka gano ma'anarsa "sarkin jama'a", ba wanda ya je aro masa kaka a wata nahiya.

Za a ce ai labari ya nuna Korau baƙo ne, kuma sunansa na yanka Muhammadu. Gaskiya ne, amma daga 'Yandoto ya zo, kusa da Tsafe, cikin ƙasar Hausa. Baƙon gari daban, baƙon harshe daban. Muhammadu kuwa shaidar Musulunci ce a ƙarni na 15, ba shaidar jini ba, don Rumfa na Kano ma Muhammadu ne. Wani zai nuna Bugaje ta ƙasar Jibiya, a bakin iyakar Nijar, ya ce kalmar jam'in Buzu ce, ashe ke nan baƙi sun shigo. Sun shigo mana, ayarin Azbin ya daɗe yana zuwa Katsina. Sai dai wannan hujja tawa ce: idan Bahaushe ya ga baƙo, yakan kira shi da sunansa ƙarara, ya ce Bugaje, ya ce Wangarawa, ba ya ɓoye shi cikin Korau.

Ana iya saɓani kan dalilin da ya sa aka kira Korau haka, wannan aikin masana harshe ne. Amma a fara neman amsar a bakin dattawan Bugaje tun suna raye, kuma jami'o'in Katsina su tura ɗalibai su ɗauki maganarsu kafin ta bi su kabari.