Idan Shawara Ta Zo da Sambatu

A ƙauyukan Bebeji da Ƙiru, har zuwa Tudun Wada da Doguwa, da zarar idon mutum ya yi ɗorawa sai a ce shawara ce, a nemo saƙe-saƙi a jiƙa. Sau tari majinyaci kan warke, domin wasu cututtukan hanta da kansu suke wucewa. Amma akwai irin da ba ta jira, wadda hanta lafiyayya kan daina aiki cikin kwanaki ko makonni kaɗan.

Hanta ce ke tace guba daga jini, ta adana sukari, ta haɗa sinadaran da ke tsayar da zubar jini. Idan ta gaza, dasashi ya riƙa jini, sukari ya sauka, gubar amoniya ta hau ƙwaƙwalwa. Daga nan majinyaci ya fara barcin rana da farkawar dare, sai sambatu, sai dogon suma. A nan dangi kan ce iska ce, alhali hanta ce ke neman agaji.

Musabbabai uku sun fi kusa da mu. Na farko farasitamol: babba bai kamata ya wuce ƙwaya 8 masu miligiram 500 a yini ba, amma manomi mai ciwon jiki kan haɗa shi da maganin mura, wanda shi ma yakan ƙunshi farasitamol. Na biyu gurɓataccen ruwa mai ɗauke da ciwon hanta nau'in E, wanda ya ɓarke a Diffa ta Nijar a 2017, kuma akasarin waɗanda suka rasu mata ne masu juna biyu. Na uku masarar da aka adana ba ta bushe ba ta yi fumfuna. Gubar irin wannan masara ta kashe mutum 125 a Kenya a 2004, darasi ga yanki mai noman masara kamar Doguwa.

Mai karatu, guba ta farasitamol tana da makari, kuma ya fi aiki cikin awa 8 na farko. Daga Doguwa zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano tafiya ce mai nisa, saboda haka kada jiƙo ya cinye lokacin. Mai shawara da ya fara ruɗewa, ko mai ciki da idonta ya canza, a kai su asibiti mafi kusa a ranar, tare da kwalayen duk maganin da suka sha. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.