An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Amfilifayar Auna Kwararar Lantarki da Harshen Mai Gyara

A cikin inbata da injin famfon sola akwai wani ɗan guntun sashe mai auna yawan lantarkin da ke kwarara, don na'ura ta katse wuta kafin ta ƙone. Ana sanya ƙaramar rizista a kan hanyar wutar, sai amfilifaya ta ɗauki ɗan bambancin ƙarfin da ke tsakanin bakunanta biyu ta haɓaka shi. Idan rizistar ta kashi 1 cikin 100 na om ce, amfiya 10 kuma ta ratsa ta, abin da za a karanta bai wuce kashi 1 cikin 10 na bolt ba. Da na'ura ta fara mutuwa ba gaira ba dalili, mai gyara yakan cire amfilifayar ya sa sabuwa, cutar kuma ta dawo. Sau da yawa amfilifayar shaida ce kawai, mai laifi yana wani wuri.

Tushen matsalar yana cikin ɗabi'ar naɗaɗɗiyar waya, irin ta cikin injin famfo ko rile. Tun binciken Faraday na 1831 da ƙa'idar Lenz ta 1834 aka san cewa naɗi ba ya yarda a sauya masa kwarara farat ɗaya. Da an katse shi sai ya mayar da martani da tsinin ƙarfi mai tsanani. A na'urar da ke kunnawa da kashewa sau 20,000 a sakan guda, bakunan rizistar biyu sukan yi tsalle tare daga sifili zuwa bolt 48 cikin ƙiftawar ido. Amfilifaya tana iya yin watsi da ƙarfin da bakunan suka yi tarayya a kai idan a hankali yake sauyawa, amma irin wannan tsalle yakan tsallake ta ya fito tamkar karatu na gaskiya.

Don haka binciken yana da tsari. Da farko a duba ko diyod ɗin da ke mayar wa naɗi kwararsa ya ja layin zuwa kimanin kashi 7 cikin 10 na bolt ƙasa da sifili, alhali amfilifayoyi da dama ba sa jure fiye da kashi 3. Saboda irin wannan ne aka ƙera INA240 ta Texas Instruments, mai ɗaukar daga bolt 4 ƙasa da sifili zuwa bolt 80. Na biyu, rizistar kanta tana da ɗan halin naɗi: nanohenri 5 kacal, idan amfiya 10 ta sauya cikin nanosakan 50, zai haifar da bolt 1, wato ninki 10 na karatun gaskiya. Na uku, wayoyin awo su fito kai tsaye daga bakunan rizistar, su tafi a jere, rizistocin tacewa kuma su zama daidai wa daida. Na huɗu, a ɗauki awo bayan girgizar kunnawa ta lafa. Ko doguwar wayar ƙasa ta na'urar gwaji tana iya nuna tsinin da babu shi.

A nan ne masana Hausa suke da abin cewa. Littafin Hausa Metalanguage na 1990, wanda Ɗalhatu Muhammad ya tace, ya nuna cewa harshen zai iya samar wa fage keɓaɓɓun kalmomi. Sai dai jerin sunaye kaɗai ba ya gyara inbata. Yaron shago a Sabon Garin Kano ya riga ya ari "diyod" da "rizista", ba ya neman madadinsu. Abin da ya rasa shi ne rubutun da ke ɗauke da dalili: idan kaza ya faru, to a zargi kaza, a gwada shi ta hanya kaza.

Za a iya cewa takardun bayanin kamfanoni da Ingilishi suke, don haka wahalar ba ta da riba. Amma koyon sana'a a shago da Hausa ake yin sa, kuma kuskuren fahimta yana da tsada: manomin rani ya rasa ruwa, ko a cire kariyar gaba ɗaya don huce takaici har na'ura ta kama da wuta. Ya kamata sassan Hausa su zauna da tsangayoyin injiniya da masu gyara, a rubuta jagororin bincike irin wannan, a gwada su a kan teburin aiki. In mai karatu ya daina sauya amfilifaya mai lafiya, to jagoran ya yi aikinsa.