Kafin ka biya kuɗin ajin koyon sana'a, tambayi minti nawa hannu zai taɓa aiki

Da zarar makarantu sun tafi dogon hutu a ƙarshen watan Yuli, sai tallace-tallacen azuzuwan koyon sana'a su cika mana waya. Wannan zai koyar da ɗinki cikin mako biyu, wancan girke-girken zamani cikin kwana biyar, wata kuma za ta koyar da haɗa sabulun ruwa da man shafawa da humra da turaren wuta duk a zama ɗaya. Ga na kwamfuta domin yara, ga na gyaran waya da haɗa sola domin matasa, ga na kwalliya da ƙunshi domin 'yan mata. Kusan duk sanarwar da alƙawari ɗaya ake rufe ta: za a ba da takardar shaida ranar yaye ɗalibai.

Wannan yunƙuri abin a yaba ne. A da, ɗan boko kan ga riƙe almakashi ko sukundireba a matsayin ci baya. Yau masu digiri ne ke neman gurbi a shagon tela, musamman tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 albashi ya daina kai mutane ƙarshen wata. Matar aure na son abin da za ta juya daga cikin gida, uba kuma na son yaransa su rage zaman kallon waya. Buƙatar ta gaskiya ce, shi ya sa bai kamata a bar masu neman kuɗin rajista kawai su yi wasa da ita ba.

Lissafin da ba a yi mana

A ɗauka an tara ɗalibai 30 a ajin ɗinki mai kekuna uku, ana zaman awa biyu kullum. Ko da malama ba ta ce uffan ba, aka bar kekunan suna aiki tun daga shigowa har tashi, kowace ɗaliba minti 12 za ta samu a rana. A mako biyu na karatu, wato kwana goma, ta yi awa biyu ke nan a kan keke. Awa biyu ba ta isa ƙafa ta saba da feda ba, balle a kai ga yanka da haɗa wuya da sa zif. Amma ranar ƙarshe za a ɗinka anko, a kira mai hoto, a miƙa mata takarda cewa ta zama tela.

Haka lissafin yake a ajin kwamfutar da yara biyar ke rububin allo ɗaya, da ajin gyaran wayar da malami ne kaɗai ke riƙe da abin lika, da ajin girki na WhatsApp da ake turo bidiyo da jerin kayan haɗi a ce an gama darasi. Kallo daban, iyawa daban. Duk wanda ya taɓa ƙona kek a tanda ya san akwai abin da sai hannu ya ɓata sau da yawa kafin ya gyara.

Kakanninmu sun san haka. A marinar Ƙofar Mata da ke Kano, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, yaro kan daɗe yana ɗebo ruwa da shanya zane kafin a bar shi ya haɗa baba da toka da kansa. Haka ake yi a maƙera da majema da wurin dukawa. Har yau a kasuwar waya ta Farm Centre, yaron da ke zaune kusa da maigidansa watanni yana miƙa kayan aiki ya fi mai takardar kwana bakwai sanin inda matsalar waya take. Tsohon tsarin na da nasa aibin, domin wani maigidan kan mayar da yaro ɗan aike, ya ja shi shekaru ba tare da ya sake masa sirrin aikin ba. Abin da ya kamata ajin zamani ya yi shi ne ya tsara darasi daki-daki ya rage wannan ɓata lokaci, amma ya bar wa hannu rabonsa.

Tarihin Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20, ya nuna yadda biyun ke haɗuwa. Tun tana yarinya ta koyi ginin tukwane a hannun 'yar uwar iyayenta a garin Kwali. A 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da Michael Cardew ya kafa a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yanzu, inda ta koyi aiki da injin juyi da gashi na zamani. Shekaru ta yi tana aiki a can har sunanta ya kai Turai da Amurka. Cibiyar ta ba ta kayan aiki da lokaci, abubuwan da yawancin azuzuwanmu ke rowa.

Mun taɓa faɗawa wannan rami

Lokacin da aka fara tsarin ilimi na 6-3-3-4 a 1982, an sa darasin gabatar da fasaha a ƙananan sakandare, aka sayo injinan kafinta da na ƙira daga ƙasashen waje. A makarantu da dama injinan sun ruɓe a cikin akwatunansu, saboda babu wutar lantarki, babu ɗakin aiki, babu malamin da ya iya sarrafa su. Ɗalibai suka haddace sunan zarto da guduma a allo suka ci jarrabawa. Yanzu da gwamnatin tarayya ta sake sa sana'o'i irin su haɗa sola da ɗinki da gyaran waya a sabuwar manhajar da ta sanar a 2025, tambayar ba ta canja ba: ina kayan aikin, kuma wa zai koyar?

Ga manya akwai matsala ta biyu. Idan ɗan siyasa ko wata ƙungiya ta tara mata 200 daga unguwa ɗaya ta koya musu sabulun ruwa, wa zai saya a hannun wa? Ana zaɓar irin waɗannan sana'o'i ne saboda sun fi arha a koyar kuma sun fi kyau a hoto. Ba a koyar da fitar da farashi, ko raba uwar kuɗi da riba, ko yadda ake hana bashin maƙwabta cinye jari. Sau da yawa ma ba a gargaɗi cewa sodar da ake haɗa sabulu da ita tana ƙona fata, tana iya makantar da ido, kuma dole a ɓoye ta daga yara.

Yaro ba ma'aikaci ba ne

Wajen yara kuma kuskurenmu na daban ne. Mun saba auna komai da tambayar nawa zai kawo. Yarinya 'yar shekara tara da ke son zane, ko yaron da ke haɗa mota da kwali da murfin kwalba, ba jari ake nema musu ba tukuna. Ajin zane, ko saƙa, ko ƙwallo, ko rubutun allo mai zayyana, yana koya wa yaro haƙuri da natsuwa da kammala abin da ya fara. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma wanda ya matsa da yawa karya shi zai yi. Yaron da ya fito daga zangon karatu, ga Islamiyya da yamma, idan aka cika masa hutu da darasi uku sai ya tsani dukkansu. Abu ɗaya da shi ya nuna yana so ya isa.

Kuma iyaye su taka da ƙafarsu su ga wurin. Su san wanda zai koyar, su ga ko ajin a buɗe yake, su san wanda zai raka yaro ya dawo da shi. Inda ake aiki da wuta ko wuƙa ko lantarki, su tambayi manya nawa ne ke lura da yaran.

Abin tambaya kafin a tura kuɗi

Ɗalibai nawa ne, kayan aiki nawa ne? Me ɗalibi zai yi da hannunsa daga farko har ƙarshe ya tafi da shi gida? Ina aikin malamin, kuma ina ɗalibansa na bara, suna sana'ar ko sun ajiye? Kuɗin ya haɗa da kayan gwaji ko sai an shiga za a kawo wani lissafin? Bayan an gama, akwai shagon da za a ci gaba da zuwa? Malamin kirki ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi, shi ne ma zai fara nuna maka amsarsu.

Hukumomi ma suna da abin yi. Hukumar NDE da aka kafa a 1986 tana da tsarin tura matasa wurin ƙwararrun masu sana'a, hukumar NBTE da ke Kaduna kuma tana da ma'aunin tantance ƙwarewa wanda ke duba abin da mutum ya iya yi. A kusanto da waɗannan ga telan unguwa da mai walda na bakin titi. Cibiyoyin mata na ƙananan hukumomi da ajujuwan firamare da ke kulle duk tsawon hutu a buɗe su. Mai hali da ke son taimaka wa unguwarsu, maimakon kuɗin rumfa da kujeru da mai hoto na bikin yaye mutum 200, ya sayi kekuna goma ya ajiye inda mutum 20 za su riƙa zuwa kullum har wata shida. Ranar da ɗaya daga cikinsu ta ɗinka wa maƙwabciyarta kayan sallah aka biya ta ba tare da an dawo da gyara ba, ta samu shaidar da kasuwa ke karɓa.