A Sauke Kaya Daga Kan Keke, A Mayar Da Shi Baya

Keken da nake hawa na mahaifina ne, Allah ya jiƙansa. Raleigh ne baƙi, mai giya uku a ɓoye cikin cibiyar ƙafar baya. Ya shekara da shekaru jingine a zaure, sai ranar 29 ga Mayu, 2023 ta fito da shi, ranar da aka ce tallafin mai ya tafi. Litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ta zarce 1,000. Ina noman rani a kusa da dam ɗin Guzuguzu a Kabo, kuma kuɗin da ɗan acaɓa ya nema don ya kai mini buhun taki biyu gona shi ya sa na zauna na yi lissafi.

Kowa a Kabo da Gwarzo ya san irin lodin da muke yi wa keke. Buhu a kariya, jarkoki rataye hagu da dama, mai keken kuma yana ƙasa yana turawa, gumi har gwiwa. Wayoyin ƙafar baya su yi ta tsinkewa, ƙafar ta karkace, kullum ana wajen mai gyara. Ni a ganina lokaci ya yi da za mu daina ɗora wa keke kaya a gadon baya, mu bar shi ya ja. Jan abu ya fi ɗaukarsa sauƙi, ko ɗan garuwa mai tura kura zai gaya maka haka.

Wani mai walda a Gwarzo ne ya haɗa mini 'yar amalanke: ƙananan ƙafafun keke biyu, bututun ƙarfe, katako a shimfiɗe, da hannu guda da ke kama keken a gefen hagu na ƙafar baya. Hagun dole ne, domin ta dama 'yar sarƙar canza giya take fitowa.

A nan ne na ga darajar wannan tsohuwar giya. Kamfanin Sturmey-Archer na garin Nottingham a Ingila ya fara yin irinta tun 1902, samfurin da ke jikin kekena kuma, wanda ake kira AW, ya fito ne a 1936. A ciki akwai ƙananan ƙarafa masu haƙora da ke zagaye wani na tsakiya, duk a rufe, suna wanka da mai. Giya ta ɗaya tana rage kashi ɗaya cikin huɗu na juyin ƙafa don feda ta yi sauƙi, ta biyu kai tsaye ce, ta uku tana ƙara kashi ɗaya cikin uku don gudu. Abin da ya fi amfanata shi ne tana canzuwa ko kana tsaye cik. Ka tsaya garken shanu ya wuce, da buhu biyu a bayanka, sai ka danna ta ɗaya ka tashi lafiya. Kekunan gwanjo masu giya a waje ba sa haka, sai ƙafa tana juyawa. Ga kuma ƙurar hunturu: idan ta haɗu da man sarƙa sai ta zama kamar dutsen wasa wuƙa, ta cinye haƙoran. Idan irin wannan keke ya faɗi sau ɗaya, sai hannun giyar ya lanƙwashe. Tawa kuwa ɗigon mai kaɗan nake zuba mata ta 'yar ƙofar da aka yi mata, shi ke nan.

Amma kada wani ya ɗauka abin ba shi da sharaɗi. Faifan baya da keken ya zo da shi mai haƙora 18 ne, an yi shi don mutum shi kaɗai a kan kwalta. Na canza shi da mai 22, kuma ban ƙara a kan haka ba, domin idan aka sauƙaƙa feda fiye da kima, ƙarfin da ke shiga cikin cibiyar zai iya karya ƙananan ƙarafan nan. Wajen canza giya sai ka sassauta ƙafa. Waya kuma ta zauna daidai: tsakanin giya ta biyu da ta uku akwai gurbin da feda ke juyawa wayam, kuma wanda ya miƙe a kan feda da kaya a baya ya faɗa wannan gurbi zai ji jiki.

Babban abin tsoro shi ne birki. Birkin sanda irin na da ba ya kama ƙarfe idan ya jiƙe, amalanke kuma a gangare turo ka take yi. Shi ya sa buhun taki biyu, kilo 100, sai a shimfiɗaɗɗiyar hanya da rani. A burji ko da damina buhu ɗaya nake ɗauka. Titin Kano zuwa Gwarzo kuwa da sassafe nake hawansa, kafin manyan motoci su yi yawa.

Na san matasanmu na ganin keke kamar komawa baya ne. Ban ce a jefar da babur ba. Amma a Zambiya da Malawi da irin wannan amalanke ake kai mata masu naƙuda asibiti daga ƙauyukan da mota ba ta shiga. Mu me zai hana ta kai mana albasa kasuwar Getso?

Abin da ya rage mana shi ne kayan gyara. Har yau ana ƙera waɗannan giyoyi: Sturmey-Archer ya koma Taiwan tun 2000, Shimano na Japan ma yana yin nasa mai suna Nexus. Ina roƙon 'yan kasuwar Kano masu shigo da kayan keke su kawo su, da wayoyinsu da manyan faifai. Masu rabon babura da sunan tallafi kuma su tuna cewa duk babur ɗin da suka bayar sun haɗa mai shi da gidan mai ne, alhali kuɗinsa zai sayi kekuna da amalankensu ga gidaje da dama, kuma masu waldar garinmu ne za su ci aikin.

Makon jiya maƙwabcina ya ari 'yar amalanken tawa ya ɗebo jarka huɗu a tafiya ɗaya, aikin da yaransa ke yi a sawu huɗu kafin su tafi makaranta. Washegari ya nemi in raka shi wajen mai waldar nan a Gwarzo, da awon kekensa a rubuce a takarda.