A Bar Yara Su Taɓa da Hannunsu

  Ya ku malamai da attajirai masu karanta wannan fili, maganarmu ta wannan mako a kan ƙananan yara ce 'yan firamare, da irin yadda ake koya musu ilmin kimiyya.

Ga abin da ya ta da maganar. Ina da yaro ɗan shekara takwas, yana aji uku. Rannan ya komo gida yana murna, wai ya ci jarrabawar kimiyya goma bisa goma. Ya tsaya gabana ya karanta mini da ka, cikin Turanci, cewa ruwa yakan zama tururi ya bi iska. Na ce madalla. Sa'an nan na ja shi gindin randa, na ce ya faɗa mini abin da ya sa ruwan randa ya fi na bokitin roba sanyi, alhali kuwa rijiya ɗaya aka ɗebo su. Yaro ya yi tsuru. Uwarsa kuwa, wadda ba ta taɓa shiga aji ba, ta san randa tana tsattsafowa ta jikinta, ta kuma san in aka ajiye ta inda iska ke kaɗawa ta fi sanyaya ruwa. Ashe rabin amsa na wurin uwa, rabi na wurin ɗa, ba a sami wanda ya haɗa su ba.

Tun shekarar 2004 doka ta wajabta wa kowane yaro a Nijeriya karatun shekara 9 na farko, kimiyya kuwa tana cikin abin da ake koyarwa tun daga ƙananan azuzuwa. Amma a makarantu da yawa hanyar ita ce malami ya rubuta a allon bango, yara su kwafa, su rera, su haddace. Mu dai ba za a ji mun kushe hadda ba, zama da ita muka tashi, da ita kuma muke ta da almajiranmu. Sai dai kowane ilmi da ƙofarsa. Hadda ƙofar nassi ce, wanda ba a sāke masa ko wasali guda. Kimiyya kuwa binciken halitta ce, allonta shi ne abin da kansa, ruwa ne ko iri ko inuwa. Kai, ko a makarantar allo ma, wa ya taɓa koya wa ƙolo alwala da baki kaɗai? Buta ake miƙa masa. Haka fiƙe alƙalami da dama tawada, sai ya ɓata kara goma kafin hannunsa ya faɗa.

Za a ce babu kayan aiki, babu ɗakin gwaji, gwamnati ba ta kawo ba. Wannan uzuri yana da ƙarfi ga 'yan sakandare, amma ga ɗan shekara bakwai ba shi da shi. A jiƙa zoɓo a tace, a raba ruwan kofi uku. A matsa lemon tsami a na farko, ja zai ƙara haske. A zuba ruwan kanwa a na biyu, nan take zai rikiɗe ya yi duhu ya koma wajen kore. Na uku a bar shi yadda yake domin a gwada da shi. To, yaro ya ga bambancin abu mai tsami da kishiyarsa da idonsa, ya kuma koyi babbar ƙa'ida, watau ba a sanin abin da ya sāke sai an ajiye wanda ba a taɓa ba. A ba shi kwalba biyu da ruwa, ya naɗe ɗaya da jiƙaƙƙen tsumma, ya ajiye su a inuwa inda iska ke bi. Bayan sa'a guda ya taɓa. Ruwan da ke bushewa daga tsumman yana tafiya da zafin kwalbar, wannan shi ne sirrin randa, shi ya sa kuma ta fi aiki da rani, sa'ad da iska ta bushe, bisa ga damina. Wake a gwangwani uku, ɗaya a rana, ɗaya a ƙarƙashin gado, ɗaya ba ruwa, aikin mako biyu ne. Duk kuɗin waɗannan bai kai na goron ɗaurin aure ba.

Amma wanda ya fi dacewa da mu malamai shi ne awon inuwa, domin gadonmu ne muka saki tun da agogo da wayar hannu suka yawaita. A kafa sanda miƙe a fili mai daidai. Yara su riƙa sa tsakuwa a kan bakin inuwarta, daga hantsi har la'asar. Za su ga tana gajarcewa, ta kai matuƙa, sa'an nan ta soma tsawo ta wancan gefe. Wannan shi ne zawali, wanda suke ji a karatun fiƙihu ba su taɓa ganinsa ba. In inuwa ta ƙaru a kan ta zawali da gwargwadon tsawon sandar, la'asar ta shiga. In kuwa aka dawwama a kan awon wata da watanni, za su tarar da abin mamaki. A ƙasar Kano da makwabtanta rana takan bi ta tsakar ka sau biyu a shekara, wajen ƙarshen Afirilu da wajen ƙarshen Agusta, har sanda ta kusa rasa inuwa. Tsakanin lokutan nan biyu inuwar zawali kudu take faɗuwa, sauran shekara kuwa arewa. Yaron da ya gano wannan da tsakuwoyinsa, shi da kansa zai tambayi dalili, a nan ne kuwa darasin littafi zai sami wurin zama.

Wasu daga 'yan'uwanmu malamai suna ɗari-ɗari da wannan, suna ganin wasa ne, ko kuwa al'adar Turawa. Ina tuna musu Hasan ibn Haisam, mutumin Basra, wanda ya rasu a Alƙahira wajen shekarar 1040 ta Miladiyya, mai littafin Kitabul Manazir. Shi ya kafa hujja cewa haske daga abubuwa yake shigowa ido, ya kuwa kafa ta ne da gwaji, da fitilu da ɗaki mai duhu da 'yar ƙaramar kafa. Gwajin nan yaro zai iya shi da gwangwani: a huda gindinsa da siririyar ƙusa, a rufe bakinsa da takardar da aka shafa wa mai, a lulluɓe kai da zane, a nufi bishiya da kafar. Surar bishiyar za ta fito a takarda, kanta ƙasa. Waɗanda suka ga husufin rana na 29 ga Maris 2006, wanda ya ratsa Nijeriya da Nijar, wataƙila sun lura da ƙananan jinjirin wata birjik a ƙasa ƙarƙashin itatuwa. Kafofin da ke tsakanin ganye ne suka yi aikin kafar gwangwanin.

Ku kuma attajirai, ku kuka fi kowa sanin awo. Mudu ɗaya na gero da mudu ɗaya na dusa, cikarsu ɗaya, nauyinsu dabam, yara da yawa kuwa sun gama firamare ba su rarrabe tsakanin biyun ba, domin ba su taɓa ɗora komai a sikeli ba. Tsohon sikelin da ke jibge bayan shago, da kwalabe da gwangwanaye da igiyar awo, in an kai su makarantar unguwa sun fi kwalin alli amfani. Wanda ya gina aji saboda Allah, ya tambayi malamin ajin abin da yara suka taɓa da hannunsu a wannan zango. Haka makarantun allo da na Islamiyya da suka shigar da darussan boko, kada su ɗauko darasin tare da mummunar hanyarsa.

Sai dai a kiyaye. Kada a bar yaro da wuta shi kaɗai, kada a kawo ruwan batir ko sodar sabulu kusa da aji, kada kuma a bar shi ya dubi ƙwayar rana, ko da husufi ko babu, zama tana ƙona ido. In aji ya cika maƙil, a kasa yaran kashi-kashi, manya su kula da ƙanana, kamar yadda gardawa ke yi a tsangaya.

Ga wanda yake son wurin farawa: ranar 27 ko 28 ga Mayu, da ƙarfe 10 da minti 18 na safe agogon Nijeriya da Nijar, rana takan tsaya daidai bisa Ka'aba. Haka kuma 15 ko 16 ga Yuli da ƙarfe 10 da minti 27. A wannan lokaci duk sandar da ke tsaye, inuwarta tana kan layin alƙibla, ta ba ta baya. Ku fito da yara harabar masallaci, a ja igiya bisa inuwar, su gwada ta da sahu.