Kafin Ka Nemi Biza, Tsallaka Gadar Kaduna

Wani sabon yayi ya shigo wa matasan Kaduna, ni kuwa ban ga aibunsa ba. Ranar Juma'a da yamma yaro ya saɓa 'yar jakarsa, ya hau jirgin ƙasa a Rigasa ya yi Abuja, ko ya shiga mota a Kawo ya nufi Kano, ya kwana biyu ya dawo. Duk kwanon da aka ajiye masa sai ya ɗauke shi hoto kafin ya sa hannu, gurasa ce a Kano ko masa a Bauchi. Tun da aka buɗe layin dogo tsakanin Abuja da Kaduna a watan Yulin 2016 abin ya ƙara ƙarfi, ko da yake harin ranar 28 ga Maris 2022 ya tsayar da jirgin har zuwa Disambar shekarar. In ka zauna a majalisarsu kuwa, duk inda hira ta zaga sai ta dire a kan biza. Wane ya samu Ingila, wance ta tafi Kanada, wani yana jiran takarda daga Turkiyya ko Saudiyya.

Tambaya guda nake yi wa waɗannan ƙannen nawa: yaushe rabonka da cin abinci a tsallaken kogin Kaduna? Amsar da nake samu ba ta da daɗin ji. Akwai saurayin da aka haifa a Tudun Wada, ya yi digiri, ya san kuɗin hayar ɗaki a Landan, amma bai taɓa zama a benci a Sabon Tasha ya ce a zubo masa abinci ba. Kudancin garinsu ta tagar mota kawai ya san shi, a kan hanyar Abuja. Akwai kuma budurwa a Narayi ko Unguwar Romi da ta haddace ka'idojin shiga Kanada, amma in ka ce ta raka ka Kasuwar Barci sai ta dube ka kamar ka ce ta shiga kogin da kanta. Tsakaninsu kuwa kuɗin keke-napep ne ko na ƙaramar bas.

Ba yaran ne suka jawo wannan ba. Gado suka yi. Rikicin shari'a na Fabrairu da Mayun 2000 ya ci rayuka fiye da 1,000, na gasar sarauniyar kyau a Nuwamban 2002 ya ci fiye da 200, sannan na bayan zaɓen 2011 ya ƙara fama gyambon. Bayan kowane ɗaya sai a ga motocin kwasar kaya suna saɓani a kan gada. Kirista ya sayar da gidansa a Rigasa ko Tudun Wada ya koma Sabon Tasha ko Gonin Gora, Musulmi ya bar Talbijin ko Narayi ya koma arewa, wasu ma musayar gida suka yi. Har aka fara yi wa ɓangarorin biyu laƙabi da Makka da Kudus. Rabuwar ba ta cika ɗari bisa ɗari ba, don har gobe akwai Musulmi a Nasarawa da Makera da Kakuri Hausa, Barnawa kuma a cakuɗe take. Amma a cikin zukata an ja layi, kuma jaririn da aka goya aka gudu da shi a 2000 yau magidanci ne, bai san wata Kaduna ba sai wadda aka raba.

Abin da ba a faɗa wa wannan magidancin ba shi ne, kudancin kogin nan da yake gudu shi ne ƙasar wajen mutanen da. A Kakuri aka kafa masaƙar KTL a 1957, Nortex da UNTL da Arewa Textiles suka biyo baya cikin shekarun 1960. A nan aka kafa masana'antar makamai ta DICON a 1964, Peugeot ta fara harhaɗa motoci a 1975, matatar mai ta fara aiki a 1980 can wajen Mararrabar Rido. Daga ko'ina samari suka riƙa sauka a tashar jirgin ƙasa da akwatin kwano, neman aiki. Adams Oshiomhole daga ƙasar Edo ya zo, ya yi aiki a Arewa Textiles, daga nan ya shiga ƙungiyar ma'aikatan masaƙu, har ya zama shugaban ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa a 1999, daga baya gwamnan jiharsu. Gidajen haya na Kakuri da Makera sun haɗa Bakatsine da Bajju da Idoma da Bayarabe a tsakar gida guda, famfo guda, igiyar shanya guda. In sallah ta zo nama ya zaga ɗakuna, in Kirsimeti ta zo shinkafa ta zaga. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta dakatar da aiki a 2007, kuma da masaƙun suka mutu ba albashi kaɗai aka rasa ba. An rasa wurin da dole ta sa mutum ya ci abincin rana kusa da wanda ba addininsu ɗaya ba.

Tukwanen dai ba su mutu ba. Duk wanda ya ce shi mai bin abinci ne bai kuma zaga kudancin Kaduna ba, da sauransa. A nan ne za ka samu faten acca na ainihi, da yakuwa da gauta da gyaɗa, irin wanda matan Bajju da Atyap da Ham suka taso da shi daga Zonkwa da Kafanchan da Kwoi. Ga tuwon acca da miyar karkashi mai yauƙi. Ga sakwara da miyar agushi wajen matan Binuwai, ga amala wajen Yarbawa, ga farfesu mai sa gumi a shagunan Ibo. Da dare a Barnawa ƙamshin gasasshiyar tarwaɗa ne ke tare ka, a gefe kuma mai tsire, Bahaushe, yana yayyafa yajin ƙuli, masu sayensa rabi daga coci suka fito. Ciniki duk da Hausa ake yi, domin ita ce harshen kasuwa, ita ce kuma ta waƙar zumuntar mata a majami'u.

Accar nan ta cancanci a ɗan tsaya a kanta. Mun daɗe muna yi mata kallon abincin talakan ƙauye ko na masu ciwon sukari. A Disambar 2018 Tarayyar Turai ta amince a sayar da ita a kasuwanninta, wani ƙwararren mai girki ɗan Senegal, Pierre Thiam, yana ƙulla ta a leda mai kyau yana sayarwa a Amurka. Haka cittar Kachia da Jaba da Kagarko, wadda ake loda wa manyan motoci zuwa tashar jiragen ruwa, har cutar da ta faɗa wa gonakinta a 2023 ta girgiza farashi. Ba mamaki yaronmu ya je Turai ya sayi acca da tsada a kantin masu kula da lafiya, yana yaba wayewar Bature, alhali a kasuwar Sabon Tasha da mudu ake aunawa.

To me ya haɗa faten acca da zaman ƙasar waje? Komai. Masu tallar biza ba sa gaya wa yaro cewa zaman waje zama ne na saniyar ware. Za ka tashi a unguwar da ba a kiran salla, ko ba a kaɗa ƙararrawar coci. Abokin ɗakinka mai bautar wani abu ne da ba ka taɓa jin sunansa ba, tukunyarsa tana kusa da taka a firji guda. Shugabarka a wurin aiki ba za ta iya furta sunanka ba. Dole ka koyi tambayar abin da ke cikin miya ba tare da ka ci fuskar mai girki ba, ka koyi ƙin abu cikin ladabi, ka koyi riƙe addininka a inda babu mai tsare maka shi sai kai. Wannan ilimi ba a sayar da shi a ofishin jakadanci. Kaduna kuwa tana da makarantarsa kyauta, gada ce kawai tsakani. Wanda ya kasa yin awa biyu a matsayin baƙo a Kakuri, ina ya ga juriyar shekara biyu a Manchester?

Kuma ƙasar wajen ba ta da tabbas yadda ake zuzuta ta. Ɗalibanmu sun gudo daga Yukren a 2022. Da yaƙi ya ɓarke a Khartoum ranar 15 ga Afrilun 2023, yara da yawa daga Arewa sun yi kwanaki a kan iyakar Masar kafin a kwaso su. Daga Janairun 2024 Birtaniya ta hana mafi yawan ɗalibai tafiya da iyalansu. Naira da take wajen 460 a dala a farashin gwamnati kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a 2024, kuɗin makaranta ya gagari iyaye da dama. Ba ina cewa kada a tafi ba. Kakanninmu fatake sun kai Salaga neman goro, sun kafa zango a Kumasi da Accra, wasu sun zauna a Mai Wurno a Sudan bayan yaƙin Burmi na 1903. Abubakar Imam ya je Ingila a 1943 ya dawo ya rubuta littafi a kan tafiyar. Sai dai su sun san ladabin baƙunta, sun san mai masauki yana da haƙƙi, ba su kuma fara da raina maƙwabci ba.

Abin ban haushi, a can wajen ne ake gane juna. Ɗan Rigasa ya ji wani yana waya da Hausa a tashar jirgin ƙasa a Turai, ya matsa, ashe ɗan Unguwar Boro ne. Nan take sun zama 'yan gida ɗaya, suna rabon kilishi da daddawar da aka aiko, suna kewar hazon hunturun Kaduna. Sai da aka kashe miliyoyin naira kafin su gaisa.

Na san abin da za a ce. Musulmi zai ce akwai giya da burkutu da naman alade a can. Akwai su, ba wanda ya ce ka kusance su. Amma akwai su a Landan ma, kuma a can ba ka jin nauyin tambaya ko nama na halal ne. Mafi yawan naman shanu da na awaki da ke kasuwannin garin nan daga hannun mahauta Musulmi yake fitowa, kuma maganar abincin Ma'abota Littafi tana cikin Suratul Ma'ida, aya ta 5, ka tambayi malaminka ya yi maka bayanin sharuɗɗanta. Kirista kuma zai ce yana tsoron kada wata 'yar magana ta zama fitina yana tsakiyar unguwar da ba shi da kowa. Wannan tsoro ba na banza ba ne, akwai waɗanda suka binne 'yan uwa. Ba zan ce wa uwar da ta rasa ɗa a kan hanyar baifas ta manta ba. Abin da nake ƙi shi ne a mayar da tsoron wasiyya, a damƙa wa jikoki.

Akwai waɗanda suka fi mu dalilin ƙiyayya kuma suka ajiye ta. Fasto James Wuye ya rasa hannu a wani rikici a 1992, Imam Muhammad Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan uwansa biyu, amma a 1995 su biyun suka haɗu suka kafa cibiyar sasanta mabiya addinai a garin nan. A Sabon Tasha, Fasto Yohanna Buru ya yi shekaru yana karɓar baƙi Musulmi a cocinsa ranar Kirsimeti, shi ma yana zuwa taron Mauludi. Wasu na sukar hakan, ra'ayinsu ne. Ni abin da na gani shi ne mutane sun tsallaka gada sun koma gida lafiya.

Wanda ƙafarsa ta saba, kudu tana da nisa gaba. Ga ginin Kajuru da wani Bajamushe ya ɗora a kan dutse cikin shekarun 1980, ga ruwan Matsirga kusa da Kafanchan, ga duwatsun Kagoro inda ake bikin Afan kowace ranar 1 ga Janairu, ga ƙauyen Nok a ƙasar Jaba, inda masu haƙar kuza suka fara tono gumakan yumɓu a 1928, waɗanda yau ake nunawa a gidajen tarihi na duniya. Amma a nan dole a yi hattara. An kai hari Kajuru a Afrilun 2019 an kashe mutum biyu, kuma hanyar Kachia ta sha fama da masu garkuwa da mutane. Kada wani ya ɗauki jaka don ya karanta wannan shafi. A tambayi 'yan gari, a tafi da rana, a tafi da wanda ya san hanya, in an ce a dakata a dakata.

Shiga Kakuri ko Barnawa da rana tsaka ba ya buƙatar duk wannan shiri. Abokin karatunka na Kadpoly ko na jami'ar jiha, wanda kuke gaisawa a waya kawai, kira shi ka ce kana zuwa, ya kai ka inda mahaifiyarsa ke sayen acca. Kai kuma ka gayyace shi Tudun Wada ya ci ɗanwake da waina. Iyaye, ku da kuka san gidajen hayar Makera kafin 2000, ku ne ya kamata ku fara ba da labarin, ku kuma ba da izini. In kun iya sayar da fili don ɗanku ya zauna cikin baƙi a Kanada, ku ba shi kuɗin mota ya je Sabon Tasha ranar Asabar mai zuwa, ya dawo kafin magariba.