Girkawa Sun Cika Mana Tukunya, Mu Ba Mu Leƙa Tasu Ba

Kwana biyu kun ji ni shiru, hidimar Abuja ce ta sha kaina.

Duk wanda ya ci tuwon semo a garin nan yau, da wuya a ce babu hannun Bagirke a malmalarsa. George Coumantaros ne ya kafa Flour Mills of Nigeria a 1960, kamfanin da ke yin fulawa da taliya da semovita na Golden Penny. Lemon kwalbar da ka kora da shi, in Coca-Cola ne ko Fanta, A. G. Leventis ne ya kafa kamfanin da ke ɗura shi a 1951, shi kuma Bagirken tsibirin Kubrus ne. Sabulun da ka wanke hannu, in na PZ ne, harafin Z ɗin nan sunan Zochonis ne, Bagirken da ya haɗa jari da wani ɗan Sikotland a Saliyo, suka buɗe reshe a Nijeriya tun 1899. Ka ga kenan sama da shekara ɗari muna tare da mutanen nan.

To amma ka tare mutum a Wuse 2 ka tambaye shi me Girkawa ke ci a gidajensu. In ya yi ƙoƙari zai ce maka salak, wanda ya gani a takardar abincin wani otal: tumatir da kokwamba da albasa, an barbaɗa farin cuku a kai, kuɗinsa kuwa ya isa cefanen gida guda. 'Yan matanmu za su ƙara maka da yogot ɗin Girka da ake cikawa da 'ya'yan itace a kofin roba. Shi ma ɗin in ka bi salsala kindirmo ne aka tace ruwansa ya yi kauri, ba wani abu ba.

A shekarun da na zauna a Atina, babban birninsu, a unguwar Kifseli inda baƙin Afirka suke da yawa, ba salak ne ya riƙe ni ba. Akwai wani irin gidan abinci da suke kira magiriyo, wato wurin girki. Yawanci ɗaki ɗaya ne da 'yan tebura. Wanda na saba da shi, tsohuwa ce ke girki tun safe, ɗanta na miƙa kwanuka, tsohon kuma yana zaune kusa da akwatin kuɗi yana musun ƙwallo da duk wanda ya shigo. Ba ruwanka da takardar abinci. Za ka je gaban tukwane da farantan gashi ka leƙa, ka nuna da yatsa. Abin da aka dafa ranar shi ke nan, in ya ƙare ya ƙare, sai gobe. In ka gama kuma sai a dire maka yankan kankana ko 'yar alewa ba ka tambaya ba. Bahaushe ya san wannan, gyara ce.

Abin da ke cikin tukwanen shi ya fi ba ni mamaki. Fasolada, wadda da yawansu ke kira abincin ƙasa, farin wake ne aka dafa da karas da albasa da tumatir da man zaitun har ya yi romo. Akwai kuɓewa, suna ce mata bamiyes, ana dafa ta ɗungurungum cikin tumatir, sai dai su sukan jiƙa ta da gishiri da ruwan khal don su kashe yauƙin da mu muke nema ido rufe. Akwai horta, ganyen daji da ake tafasawa a zuba mai da lemon tsami, wanda da an marmasa masa ƙuli-ƙuli sai ka rantse kwaɗon rama ne. Tsofaffinsu ba sa raina ganyen nan, domin yana cikin abin da mutane suka rayu da shi a yunwar 1941 zuwa 1942, lokacin da Jamus ta mamaye ƙasar, dubban mutane suka mutu a Atina kaɗai. Mu ma ai haka kakanninmu ke ba da labarin tafasa.

Yawan girkin da babu nama yana da dalili. Cocin Otodoks da akasarinsu ke bi ya tanadi ƙaurace wa nama ranakun Laraba da Juma'a, da kuma makonnin da ke gaban Ista, don haka matan ƙasar suka gwanance wajen dafa wake da ganye da dankali cikin mai. Wannan ya yi wa Musulmi rana ƙwarai. Tsirensu da ake kira suflaki, wanda kowane ɗan yawon buɗe ido ke yabo, galibi naman alade ne, wani girkin naman kuma ana zuba masa giya, saboda haka dole ka tambaya kafin ka kai loma. A magiriyo tambayar ba ta da wuya, tunda wadda ta dafa tana tsaye a gabanka, kuma ta san gobe ma za ta gan ka.

Nan ne maganata take. Daɗin irin wannan wuri bai tsaya ga man zaitun ba. Mai girkin ita ce mai wurin, a unguwar take kwana, sunanta ne a kan kowane kwano, kuma in ta ha'ince ka yau maƙwabta za su ji kafin magariba. Tsakiyar Abuja kuwa ba a gina ta don irin wannan rayuwa ba. Tun da gwamnati ta tare a nan a Disambar 1991, garin ya raba wurin kwana da wurin nema. Kukun da ke dafa maka abinci a Maitama, daga Nyanya ko Mararaba ko Kubwa ya yi sammako, mai wurin kuma wani mai jari ne da ba lallai ya san ƙofar kicin ba. Kuɗin haya na shekara guda ko biyu ake nema a dunƙule. Wace tsohuwa ce da 'ya'yanta za su biya wannan da cinikin wake? Rusau ɗin da aka yi tsakanin 2003 da 2007, zamanin ministancin Nasir el-Rufai, ya kwashe rumfuna da ƙananan shaguna masu yawa. Na yarda da yawansu an gina su ba bisa ƙa'ida ba, kuma gari ya yi fes. Amma ba a cike gurbinsu da wurare masu araha a cikin unguwanni ba, sai manyan filaza, inda abincin waje ke zama kayan nuna isa, a ɗauke shi hoto kafin a ɗanɗana.

Wani zai ce ai ga Labanawa nan, sun yi. Gaskiya ne, shawarma ta zama tamu har a lungu. Sai dai su sun zo da iyali ne suka zauna, a Kano wasu gidajen sun yi jikoki da tattaɓa kunne, tukunyar gida ta biyo su har bakin titi. Girkawa ba su taɓa kai yawansu ba, kuma a ganina sun fi zuwa da kamfani da injin niƙa, suka bar tsohuwa da ludayinta a can.

Shi ya sa nake cewa wanda ke neman magiriyo a Abuja kada ya wahalar da kansa a titin Aminu Kano. Ya gangara tsohon ƙauyen Garki, ko Karu, ko Lugbe, wajen masu tuwo. Uwa na tuƙi, 'ya na zuba miya, ana leƙa tukunya a nuna da yatsa, ana ba wanda aka sani bashi har ƙarshen wata. Tsarin ɗaya ne sak. Su ne kuma kullum a tsorace, don ba su san ranar da za a zo a kifar da tukwanen a ce sun ɓata fasalin gari ba. Hukumar birnin da ke iya ware fili don lambun shaƙatawa a kowace gunduma, ai za ta iya ware 'yan ɗakuna masu ruwa da magudana a kowace unguwa, ta ba iyalai haya wata-wata, da sharaɗin tsafta.

In aka samu haka, shigo da girkin Girka ba zai yi wuya ba. Cukun feta da man zaitun ne kaɗai ke bin farashin dala, kuma tun da aka saki naira a Yunin 2023 sun ƙara nisa da talaka. Sauran duk muna da su: farin wake, tumatir, tafarnuwa, rago, kindirmon Fulani, ganye iri-iri. Mace ɗaya a Kubwa da ta koyi girki biyar za ta iya ciyar da layinsu da kuɗin da bai wuce na shinkafa da wake ba sosai. Kuɓewar ce kawai za a sha rigima a kanta, don Bahaushen da aka miƙa wa kuɓewa babu yauƙi zai mayar da kwano ya ce a sake dafawa.